Shekara uku ina koyon gyaran AC a Legas, amma ba ni da ko takarda ɗaya

Assalamu alaikum Yaya. Ni matashi ne ɗan shekara 22, ina zaune a Agege wajen kawuna. Shi ya kai ni wurin wani mai gyaran AC da firiji, suka yi magana da baki cewa zan yi shekara uku a yaye ni. Yau shekara uku da wata biyar ke nan. Duk sanda na taɓo maganar yaye sai oga ya ce ban isa ba tukuna, wai kuma wata huɗun da na yi a gida ina jinyar mahaifina, wanda Alhamdulillahi ya samu sauƙi, ba sa cikin lissafi. Ƙarfe bakwai na safe nake fita, ba na tashi sai bakwai na yamma, Litinin zuwa Asabar. Kwanaki na je neman aiki a wani kamfani a Ikeja, suka ce in kawo shaidar tsawon lokacin da na yi da irin ayyukan da na iya. Ba ni da ko takarda ɗaya. Abokina ya ce a ƙasashen waje awa 8,000 ake ƙirgawa kafin a yaye mai koyo, ni kuwa na wuce haka, don haka in sayi littafi in cike shi tun daga ranar farko, shi zai sa hannu a madadin oga. Gaskiya kuma har yanzu oga bai taɓa barina na taɓa fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa AC mai inbata (irin mai rage shan wuta) ba, gas ma shi yake sawa, ni ina riƙe masa geji, ma'aunin ƙarfin gas. Ina jin kamar ana cin gumina. Me zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara wa baba lafiya, ya saka maka da alheri a kan jinyar da ka yi masa.

Bari in fara da shawarar abokinka, domin ita ce mafi haɗari a cikin wasiƙarka. Kada ka cike littafin nan da abin da ba ka yi ba, kada kuma ka bari wani ya kwaikwayi sa hannun maigidanka. Shaidar zur ce, ka sani na sani. Kuma ko a ajiye maganar zunubi a gefe, dabarar ba za ta kai ka ko'ina ba. Kamfanin da ya nemi shaida zai iya ɗaga waya ya kira ogan naka, masu wannan sana'a a Legas sun san juna ta ƙungiyarsu da ta shagunan da suke sayen kaya. Ko ba su kira ba, ranar gwaji za su miƙa maka geji da tukunyar gas su koma gefe su zuba maka ido. Littafin da ya ce ka sa gas sau ɗari, alhali riƙe geji kawai kake yi, cikin minti goma asirinsa zai tonu. Abin da ya fi tsorata ni ma shi ne a ce bai tonu ba, a ɗauke ka, a tura ka kai kaɗai gidan mutane. Gas ɗin R32 da ke cikin sababbin AC da yawa yana iya kamawa da wuta, R290 da R600a kuwa, irin wanda ake samu a firiji na zamani, 'yan'uwan gas ɗin girki ne, tartsatsi kaɗan ya ishe su. Wanda ya kunna wutar walda a kan bututun da bai tabbatar ya zama fanko ba, ransa da na masu gida ya sa a gaba.

To amma abokin naka bai yi ƙarya a kan lambar ba, ma'anarta ce ya kuskure. A Amurka, tsarin koyon sana'a mai rajista yana lissafa kusan awa 2,000 na aikin hannu a shekara, wato awa 40 a mako har mako 50, sannan a ɗora kimanin awa 144 na karatun aji a kowace shekara. Mai koyon gyaran na'urorin sanyaya ɗaki da na ɗumama shi yakan yi shekara huɗu zuwa biyar, shi ya ba da awa 8,000 zuwa 10,000 ɗin da ake faɗa. A lardin Ontario na Kanada awa 9,000 ake nema ga mai gyaran firiji da AC. Sai dai ba tarin awanni ba ne kawai. Ana rarraba su gida-gida: kaza a harkar wayoyi da lantarki, kaza a haɗa bututu da walda, kaza a gano matsala, kaza a ɗaura sabuwar na'ura, kuma ƙwararren da yaro yake ƙarƙashinsa ne yake sa hannu a kai lokaci-lokaci. Wanda ya yi awa 8,000 yana wanke AC kawai bai kammala ba a wurinsu.

Yanzu mu auna naka da wannan ma'auni. Awa 12 a rana, kwana shida a mako, awa 72 ke nan. A mako 50, awa 3,600. A shekara uku ka haura 10,000. A lissafin fita da dawowa ka wuce yaron Amurka nesa ba kusa ba, kuma na fahimci dalilin da ya sa zuciyarka take tafasa. Amma ka zauna kai kaɗai ka tambayi kanka, tsakaninka da Allah, nawa ne daga cikin awa 12 ɗin nan hannunka yake kan na'ura? Ranar da aka kira ku aiki Lekki ko Ajah daga Agege, nawa cunkoso yake cinyewa zuwa da dawowa? Nawa ake yi a zaune a gidan mutum ana jiran a kawo wuta ko a tayar da janareto kafin a gwada abin da aka gyara? Aiken sayo kafasita da bututu fa, da gadin shago ranar da babu aiki? Duk wannan wahala ce ta gaske, ba na raina ta, kuma wani ɓangarenta ilimi ne, domin sanin inda ake samun kaya mai kyau da yadda ake magana da mai gida yana cikin sana'a. Amma ba ita mai ɗaukar aiki yake tambaya ba. Shi yana son ya san sau nawa ka ɗaura AC daga farko har ƙarshe, sau nawa ka gano yoyo ka toshe, sau nawa ka canza kwamfireso, injin da ke matsa gas yana zagaya shi. Wannan kuwa daga kai har oga babu wanda ya sani, domin babu wanda ya rubuta. Shi yana cewa ba ka isa ba, kai kana cewa ka wuce, kowa da abin da ya tuna yake magana.

Saboda haka gobe da safe, kafin ka tunkari kowa, ka sayi littafi mai kaurin bango, irin wanda ba a yage masa shafi ba tare da an gane ba. Ka sa wa shafukansa lamba. Kullum da dare, ko a cikin mota kan hanyar dawowa, ka rubuta aikin ranar. Kada ka bari sai ƙarshen mako, domin ranar Asabar ba za ka tuna abin da ka yi Talata ba. A kowane aiki ka sa kwanan wata, da unguwa, da irin na'urar da ƙarfinta, ko doki ɗaya ce ko ɗaya da rabi ko biyu, mai inbata ce ko ta da, da irin gas ɗin da ke cikinta kamar yadda aka rubuta a jikin na'urar waje. Sannan ka rubuta abin da mai gida ya ce yana damunta, da abin da kuka gano, da abin da aka yi, da lokacin da aka fara da wanda aka gama. Lokacin hanya ka ware masa wurinsa daban, kada ka cakuɗa shi da na aiki.

Sai abu guda da ya fi duk waɗannan muhimmanci, wanda shi ne zai ba littafin daraja: a gaban kowane aiki ka faɗi matsayinka a cikinsa. Kallo ka yi, ko taimakawa ka yi, ko kai ka yi oga yana tsaye a kanka, ko kai kaɗai ka yi? Ga misalin yadda shafi zai kasance: "Talata, Ogba. AC doki ɗaya da rabi, ba inbata ba, R410A. Ba ta sanyi. Mun samu yoyo a mahaɗar bututu ta waje. Ni na yanke bakin bututu na sake buɗe shi na ɗaure, oga yana kallo. Oga ya zuƙe iskar cikin bututu ya sa gas, ni na riƙe geji. 11:20 zuwa 1:40." Ka ga babu ƙari babu ragi. Wanda ya san aikin, da ya karanta wannan ya san gaskiya aka rubuta, domin maƙaryaci ba ya rubuta cewa geji kawai ya riƙe. Ka riƙa rubuta lambobin da ka gani ma, abin da geji ya nuna kafin gyara da bayansa, da wutar da kwamfireso yake ja a mita. Bayan wata uku za ka tarar idonka ya fara gane lambar da ba daidai ba tun kafin oga ya yi magana, wannan kuma riba ce da ta fi takarda.

Duk ƙarshen wata ka tara awannin gida-gida kamar yadda waɗancan suke yi: wanki da sabis, ɗaura sabuwa, walda da haɗa bututu, zuƙe iska da sa gas, lantarki da fanel, firiji da firiza, ɗakin sanyi idan kuna zuwa. Ina kyautata zaton za ka ga gidan wanki ya cika ya tumbatsa, gidan sa gas da na fanel kuwa babu komai. Ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka ka tura wa kanka ta WhatsApp ko imel, saboda ruwan saman Legas da ɓatan jaka. Hoton aiki ma yana da amfani, musamman na takardar bayanin da ke manne a jikin na'ura, amma ka kiyaye amanar gidajen mutane: kada ka ɗauki cikin ɗakin kowa ba da izininsa ba, kada ka rubuta sunan mai gida ko lambar gidansa. Unguwa ta isa.

Shekara ukun da suka wuce ba su tafi a banza ba. Ba za ka iya dawo da su rana-rana ba, kuma kada ka gwada, amma akwai sawun da suka bari. Hotunan da ke wayarka suna ɗauke da kwanan wata. Saƙonnin da oga ya riƙa turo maka na ka same shi wuri kaza suna nan. Kuɗin mota ko na sayen kaya da ya tura maka ta banki suna da rana. Shi ma wataƙila yana da littafin rasit. Ka ware shafukan farko na littafinka ka tattara abin da ka samu, ka rubuta a samansu ƙarara cewa wannan ƙiyasi ne daga hotuna da saƙonni, ba rubutun yau da kullum ba. Ka sa ranar da ka fara, da watannin da ka tafi gida, kada ka ɓoye su. Abin da zai rufe wannan ɓangare shi ne wasiƙa guda daga oga mai cewa wane ya fara koyo a wurina wata kaza na shekara kaza, ga ayyukan da ya iya. Wannan wasiƙa ta fi littafin ƙarya mai shafi ɗari biyu nauyi.

Mun zo kan oga ke nan, inda ya fi buƙatar natsuwa. Ban san mutumin nan ba, ɓangare guda na ji. Yana yiwuwa yana jan lokaci ne saboda ya samu hannu mai aiki ba albashi, ana yin haka, kuma zalunci ne. Yana yiwuwa kuma gaskiyarsa ce, domin kai da bakinka ka ce ba ka taɓa sa gas ba, ba ka taɓa fanel ba. Mai gyaran AC da bai iya waɗannan biyun ba a Legas ta yau bai gama koyo ba. Tun da aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, waɗanda suka fi samun wuta, a watan Afrilun 2024, mai sayen AC yana tambayar wadda ba ta shan wuta, wato mai inbata, ita kuwa yawancin ciwonta a fanel da na'urorin auna zafi yake. Sai dai ko da gaskiyarsa ce, akwai tambayar da ke kansa: wanda bai taɓa barin yaro ya gwada ba cikin shekara uku, laifin wa ne idan yaron bai iya ba? A ganina kowannenku yana da rabin gaskiya. Wata huɗun nan kuwa, ka yarda a cire su daga lissafi ba tare da jayayya ba. Uzurinka mai ƙarfi ne a wurin Allah da mutane, amma a cikinsu ba ka koyi komai a shago ba. Kuma ka lura, ko da an cire su, ka riga ka cika shekara uku har da wata guda a kai.

Kada ka je masa kai kaɗai da maganar yaye, ka riga ka gwada ba ta yi ba. Kawu ne ya ƙulla maganar, shi ya kamata ya koma. Ku je tare ranar da babu aiki da yawa, ku gaishe shi yadda ya dace, kawu ya fara da godiya a kan riƙon da ya yi maka, domin ya cancanci godiyar. Sannan a canza tambayar. Maimakon "yaushe za ka yaye shi", kawu ya ce, "Oga, me da me ya rage masa?" Duk abin da ya lissafa a rubuta a gabansa. Idan ya ce zuƙe iska da sa gas da fanel da walda, sai a tambaye shi wata nawa yake ganin za su ɗauka idan ya riƙa ba ka kana yi da hannunka. A tsayar da wata, a rubuta, shi da kawu da kai ku sa hannu, a samu mutum guda daga kowane ɓangare ya shaida. A nan ne za ka fito da littafinka ka roƙe shi ya riƙa dubawa yana sa hannu duk Asabar kafin a tashi. Ka nuna masa cewa shi ma kariya ce gare shi, domin gobe ba wanda zai ce ya yaye yaron da bai koya wa komai ba. Idan rubutu yana yi masa nauyi, babban yaron shago ya duba ya sa hannu, shi kuma ya tabbatar sau ɗaya a wata.

Wasu za su ce maka rubutu tsakanin yaro da maigidansa rashin yarda ne. Ka tuna musu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi idan an ƙulla shi zuwa wani lokaci sananne, kuma da muminai take magana. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma, a sashe na 49 da na 50, ta ce yarjejeniyar koyon sana'a kada ta wuce shekara biyar, ta kasance a rubuce, kuma jami'in ƙwadago ya shaida ta. Na faɗa maka wannan don ka san cewa abin da kake nema ba rashin kunya ba ne. Amma kada ka ɗaga wa oga doka a wannan zama, za ta rufe ƙofar da kake son buɗewa. Idan ya ƙi komai, ya ƙi faɗin abin da ya rage, ya ƙi sa rana, ya ƙi sa hannu, to ka samu amsarka. Sai kawu ya kai maganar gaban shugabannin reshen ƙungiyar masu gyaran firiji da AC da ogan yake ciki, irin su NARAP, domin su suka saba sasanta irin wannan tsakanin maigida da yaronsa. Idan nan ma ba ta yiwu ba, ka nemi wani maigidan ka ƙarasa, a rabu da na farko cikin mutunci, wannan karon kuma da rubutu tun ranar farko.

A watannin da suka rage ka matsa a kan zuƙe iska, kada ka yarda da gajeriyar hanyar da wasu ke bi ta sakin ɗan gas ya kore iskar da ke cikin bututu. Man da ke cikin kwamfireso mai R410A yana shan danshi, danshin kuma a hankali yake lalata shi daga ciki, shi ya sa ƙwararru suke zuƙe iska da famfo har ma'auni ya sauka zuwa maikiron 500, alamar iska da danshi sun fita. Ka koyi gwada yoyo da naitirojin, kuma har abada kada ka cusa oksijin a bututun AC, yana haɗuwa da mai ya fashe. Ka san bambancin gas-gas: R22 da aka saba da shi ana janye shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, ƙasashe masu tasowa irin tamu an ɗibar musu zuwa 2030 su kusan daina shi gaba ɗaya, R410A ma gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya sa shi a layin ragewa. Idan ka samu damar bin wani zuwa ɗakunan sanyi irin na masu kifi a Ijora, ka bi ko ba a biya ka ba, ka rubuta.

Takardar yaye daga oga ko ƙungiya tana da kyau, amma kada ka tsaya a kanta. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana yin gwajin sana'a mai mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya. Hukumar jarrabawar sana'o'i ta NABTEB, mai hedikwata a Benin, tana da jarrabawar gyaran firiji da AC. Hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna kuma tana da tsarin tantance ƙwarewa wanda yake karɓar abin da mutum ya koya a shago ba a makaranta ba, masu tantancewar suna duba shaidar ayyukan da ka yi sannan su kalle ka kana yi. Nan littafinka da hotunanka za su yi maka rana. Ka leƙa kwalejin fasaha ta gwamnatin Legas da ke Agidingbi, ba ta da nisa da kai, ko ofishin ma'aikatar ƙwadago, ka tambayi sharuɗɗa da kuɗin rajista da bakinka. Kada ka ba ɗan tsakiya kuɗi ya kawo maka satifiket ɗin da ba ka zauna gwajinsa ba, wannan da shawarar abokinka duk tafiyarsu ɗaya.

Idan kuma zuciyarka tana hangen waje ne, ka sani awannin can sun haɗa da ɗumama gida, tukunyar ruwan zafi da murhun gas na hunturu, abin da ba za ka gani a Agege ba. Littafinka ba zai maye gurbin lasisinsu ba, kowace ƙasa da gwajinta. Amma masu tantance wanda ya koyo sana'a a wata ƙasa wasiƙar maigida suke nema mai ɗauke da ranaku da awanni da irin ayyuka, wanda ya riƙa rubutawa kuwa shi ne zai iya kawo ta.

Shi kuma kamfanin Ikeja, kada ka ɗauka ƙofar ta rufe. Da zarar ka karɓi wasiƙar oga, ka tara wata biyu ko uku na littafi mai sa hannu, ka koma ka ce musu ga abin da na iya, ga wanda nake kan koyo, watan kaza za a yaye ni. Ka tambaye su ko suna ɗaukar mataimakin mai gyara, domin da wannan matsayi ya kamata ka shiga, ka ci gaba da rubutu a can ma. Allah ya yi maka jagora, ka gaishe min da kawu.